Sifiri Biyar na Tino Taijeron

Ranar Litinin da rana tsaka, Celestino Taijeron na zaune a bencin da ke bayan kotun Hagatna, babban birnin tsibirin Guam, da kwanon jar shinkafa a cinya, sai wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya goge fuskar wayar da gefen riga, ya sake dubawa. Lomar da ya ɗebo ba ta kai baki ba, kuma duk wanda ya san Tino ya san ba ƙaramin abu ke tare masa cokali a hanya ba.

Saƙo ne daga hukumar nan ta can Amurka da ke tattara takardun duk mai neman shiga makarantar lauyoyi. Ita ba ta aiki da lissafin kowace jami'a. Sai ta baje sakamakon mutum tun daga ranar da ya fara taka aji, ta auna da nata mudu, sannan ta tura wa makarantu. Tino ya san makin digirinsa kamar yadda ya san lambar motarsa: uku da rabi cikin huɗu. Hukumar ta ce a'a, 3.1. Ranar Juma'a kuma makarantar da yake nema za ta rufe karɓar takardu, kuma ita kaɗai yake nema.

Bai sha wahalar gano inda sauran ya zube ba. A can saman shafin, inda idonsa ya daɗe ba ya zuwa, ga su nan a jere kamar ƙwai a faranti: sifiri biyar, zangon ƙarshen 1997.

Tino ɗan Barrigada ne, na huɗu cikin 'ya'ya bakwai na Tun Demetrio kafinta da Tan Rufina, wadda ke jan addu'a a duk gidan da aka yi mutuwa a unguwar, har da gidan da ba a kira ta ba. Tun da Tan ɗin nan laƙabin girma ne a can, kamar a ce Baba da Inna. Shekararsa arba'in da shida. Goma sha tara daga ciki ya yi su a tsaye cikin kaki a gefen alƙali, ɗan sandan kotu. Shi ke cewa a miƙe, shi ke cewa a zauna, shi ke riƙe hannun wanda aka yanke wa hukunci ya raka shi ta ƙofar gefe. Mutum ne mai faɗin ƙirji da tumbin da ya fara neman 'yancin kansa daga ɗamara. A kotu ba ya faɗin komai sai abin da aka ce ya faɗa, amma ba a hana kunne aiki ba. Ya ji lauyoyi iri-iri, waɗansu gwanaye, waɗansu ko shari'ar akuya ba za ka ba su ba. Ya sha ganin tsohuwa ta zo kan gonar iyayenta, lauyanta bai iya ko faɗin sunan gonar daidai ba, Tino na tsaye ya san tambayar da ya kamata a yi, ya san ba za a yi ta ba, sai dai ya haɗiye ta da miyau. Irin wannan haɗiya ce ta taru ta kai shi karatun yamma yana da shekara talatin da biyar. Shekara takwas ya yi yana ja. Darussa biyar ɗin da ya faɗi yana yaro ya sake su ɗaya bayan ɗaya, ya ci su da kyau, jami'a ta yi lissafi da sababbin ta kau da kai daga tsofaffin. Shi ma ya kau da kai. Ya ɗauka an binne.

Jarrabawar shiga kuwa, wadda makinta ke tashi daga 120 ya tsaya a 180, sau uku ya zauna mata: 149, 155, sannan 161. A mota yake bita lokacin cin abinci, littafi a kan sitiyari, har maiƙo ya san kowane shafi.

Makarantar tana San Diego. Ba don ta fi sauran ba, sai don a can 'yarsu Corina take aikin jinya, kuma tana da ɗaki guda da ba kowa a ciki. Mai shekarun Tino ba makaranta yake zaɓa ba, wurin kwana yake zaɓa. Jadawalin makin waɗanda makarantar ta ɗauka bara, matarsa Benita ta buga shi ta manna a ƙofar firji. Layi biyu ne, kowanne da lamba uku. Na jarrabawa: 156, 160, 162. Na digiri: 3.3, 3.6, 3.8. Benita a kantin magani take aiki, ta saba da lambar da ba a tsallakewa, don haka a tsaye ta karanta ta yanke hukunci: lambar farko ƙofa ce, wanda bai kai ta ba ya tsaya a waje, ta biyu falo, ta uku ɗakin maigida. Da uku da rabi Tino ya wuce ƙofa. Shi ke nan aka gasa haƙarƙari, aka kira dangi, Tan Rufina ta sanar da rabin coci cewa ɗanta zai zama lauya. Yau ga shi da 3.1, a waje, da takalmi a hannu.

Sai dai sifirin nan suna da labari, kuma duk Barrigada an haddace shi. A Disambar 1997 guguwa ta kwashe rufin gidansu. Tun Demetrio ya hau gyara, tsani ya zame, bayansa ya karye. Tino, ɗan shekara goma sha tara a zangonsa na farko a jami'a, ya ajiye littafi ya ɗauki uba. Shi ke masa wanka, shi ke juya shi, shi ke goya shi zuwa mota, shekara biyar cur, har ranar da aka kai shi makwanci. Tan Rufina ba ta zama a taro ta tashi ba ta ba da labarin nan ba. Da shi take zagin sauran 'ya'yanta, da shi take zagin 'ya'yan maƙwabta. Kuma duk abin da ke cikinsa gaskiya ne, ban da abu ɗaya. Ba a Disamba Tino ya ajiye littafi ba. Tun farkon Oktoba ya ajiye shi.

Zakaru ne suka ci karatun. A lokacin doka ba ta hana faɗan zakaru ba, kuma Tino na da guda uku a bayan gidan wani abokinsa a Dededo. Kullum da safe zai saɓa jaka ya ce wa Nana, wato mahaifiyarsa, sai ya dawo, ya wuce can ya zauna yana murza wa zakara cinya, yana fesa masa ruwa da baki, yana yi masa gatan da bai taɓa yi wa kansa ba. Akwai takardar janyewa da in ya cike a ofishin jami'a da ba a rubuta masa sifiri ko ɗaya ba. Sau biyu ya je har bakin tagar ya juya, don matar da ke zaune a wurin ƙawar Nana ce, bencinsu ɗaya a coci. Yana cikin tunanin yadda zai yi ranar da sakamako zai fito, sai ga guguwa. Ta ɗauke rufi, ta ɗauke zakarun da akurkinsu, ta ɗauke tambayar ma. Ba wanda ya taɓa yi masa ita.

Ya rufe kwanon ya tafi neman Lauya Delfina Naputi. Ita ce lauyar da gwamnati ke ba wanda ba shi da halin ɗauka, 'yar ƙaramar mace mai furfura da muryar da ke ratsa ƙofa biyu. Janar take ce masa, saboda kakin. Ya same ta a ofis ta cire takalmi.

"Janar, wa ya mutu?"

Ya miƙa mata wayar, ya nuna mata hoton jadawalin. "Na faɗo ƙasa da ƙofa, Lauya."

"Wace ƙofa?"

"Uku da ɗigo uku. Benita ta ce duk wanda bai kai ba..."

"Benita ta tsaya a kan maganin tari. Zauna, kana tare min iska." Ta jawo takarda ta ja dogon layi. "Mu ce bara sun ɗauki mutum ɗari biyu. Jera su a nan, daga mai ƙaramin maki zuwa mai babba, kamar yadda kake jera min mutanena a benci. Ƙirga hamsin daga ƙasa. Na hamsin ɗin nan shi ne 3.3. To, arba'in da taran da ke bayansa, ina suke?"

Tino ya daɗe yana duban layin. "Suna ciki."

"Suna ciki, suna cin abinci, suna gyangyaɗi a aji. Rubu'in ɗaliban nan duk ta ƙarƙashin ƙofar Benita suka shiga."

"Nawa ne makinsu?"

"Nan ne jadawali ke yin shiru. Wataƙila dukansu 3.2 ne. Wataƙila akwai mai biyu da rabi. Ba za su faɗa maka ba, kuma duk wanda ya ce maka ya sani, cika baki yake." Ta dasa biro a tsakiyar layin. "Wannan kuwa, na tsakiya, shi ne amarya. Da shi makaranta ke ado, da shi ake gwada ta da sauran makarantu. Kuma shi ba ruwansa da nisan da ka yi ƙasa. Da uku da rabin da kuka gasa wa nama, a ƙasansa kake. Da 3.1, a ƙasansa kake. Gawa ba ta ƙara mutuwa, Janar. A layin jarrabawa kuwa na tsakiya 160 ne, kai kana da 161. Maki ɗaya tak, amma ya ajiye ka a gefen da suke so. Kana ja musu ɗaya sama, kana ja musu ɗaya ƙasa. Irinku suna da yawa, kuma ba duka ake ɗauka ba."

Tino ya ɗago kai. "Me ke raba mu?"

"Mutum. Akwai mai karantawa a can, da tabarau da ciwon baya, zai ga sifiri biyar a zango ɗaya ya ce me ya faru. Sai ka rubuta masa rabin shafi na bayani. Wace shekara ce ma?" Ta matso da wayar kusa da hanci. "Casa'in da bakwai, ƙarshen shekara? Ashe kai mai arziki ne kake min fuskar makoki. Rubuta guguwa, rubuta Tun Demetrio. Sau huɗu na ji labarin nan daga bakin Tan Rufina, sau biyu na yi hawaye."

Tino ya ce ya gode. Ya fita ya bar hularsa a kan kujera.

Da yamma Benita ta buɗe kwamfuta a teburin cin abinci, don Tino da yatsa biyu yake bugawa kamar mai tsintar tsakuwa a wake. Ya riga ya gaya mata bayanin Lauya Delfina a waya, ta ce dama ita ma abin da take nufi ke nan. Ta rubuta layi uku a kan iska da kwanon rufi sannan ta ɗago ta dubi mijin.

"Kai nake jira, mai shari'a. Ran nawa ga wata Tata ya faɗo daga tsanin?"

"Goge shi."

"In goge me?"

Ya faɗa mata. Bai iya ba da labari ba, sai ya jero shi kamar yadda ake karanta tuhuma: wata, wuri, abin da aka aikata. Benita ta cire tabarau ta ninke shi a hankali.

"Zakaru."

"Uku."

"Ban tambaye ka nawa ba. Celestino, da labarin nan fa ka aure ni. Babana ya ce ba ka da aiki ba ka da takarda, na ce masa yaron da ya bar karatu don ubansa ya fi mai takarda goma."

"Ban taɓa faɗa da bakina ba."

"Ba ka kuma taɓa hanawa da bakinka ba."

Ta tashi ta wanke kofin da ba shi da datti, ta dawo ta zauna. Fushin Benita ba ya daɗewa a tsaye, yakan nemi abin yi.

"To, ji nan. An yi guguwa ko ba a yi ba? An yi. Tata ya faɗo? Ya faɗo. Ka yi jinyarsa shekara biyar? Ni shaida ce, da hannuna na wanke zannuwan. Ina ƙaryar take? Mu jera abin da ya faru, mu bar su su ɗinka da kansu."

"A ƙasan takardar akwai wurin da zan sa hannu cewa gaskiya na faɗa, cikakkiya."

"Wa zai tona? Abokinka ya rasu. Zakarun kuwa tun casa'in da bakwai iska ta sauke su a Filifin."

"Kullum ina tsaye ana rantsar da mutane, Benita. Na san fuskar wanda ke faɗin gaskiya uku don ya zauna a kan ta huɗu. Tun daga ƙofa nake gane su."

"Sai ka ci gaba da gane su har ka yi ritaya. Shekara goma sha ɗaya ina cin abinci ni kaɗai saboda karatun nan. Yanzu za ka zubar da shi don kaji?"

Tino ya tashi ya bar mata teburin. Abin da bai sani ba kuma, tun da ya kira ta da rana Benita ta riga ta buga wa surukarta ta ce a nemo tsofaffin hotuna.

Ranar Laraba da sassafe Tan Rufina ta iso, shekara saba'in da takwas, da gwangwanin biskit a hammata da pugua, goron mutanen can, a kumatu tana tauna. Ta juye gwangwanin a kan tebur: hoton gida babu rufi, takardar asibiti da ta koma rawaya, katin jana'izar mijinta.

"Ka sa musu cewa ubanka ya fi ka nauyi sau biyu kuma ba ka taɓa yarda shi ba," in ji ta. "Ka sa cewa ko sau ɗaya ba ka yamutsa fuska ba. Kada ka yi musu kunyar nan taka. Mutanen can ba su san ko waye kai ba, sai an gaya musu. Kuma kada ka aika sai ka karanta min, in sa mata albarka."

"To, Nana."

Benita ta duƙa tana neman wani abu a firji, ta daɗe ba ta same shi ba.

Ranar Alhamis ya tare Lauya Delfina a kan matakalar kotu ya gaya mata zancen zakarun. Ta yi dariya har ta riƙe ƙarfen matakala, sannan ta dubi fuskarsa ta daina.

"Wacce ta fi, guguwa ko zakaru?" in ji shi.

"A matsayin lauya kake tambayata ko a matsayin 'yar coci?"

"A matsayin mai karanta jadawali."

"Jadawali ba shi da layin zakaru. In ra'ayina kake so, guguwa ta fi sayuwa. Mai karatu ya fi son wanda ƙaddara ta kayar a kan wanda ya kayar da kansa. Kuma faɗan zakaru a wurinsu ba wasa ba ne, mugunta ce. Wata za ta karanta takardarka da kyanwa a cinya. Ba zan ɓoye maka ba, kana iya rasa kujerar nan a kan wannan."

"In na rubuta guguwa fa?"

"Ba mai kama ka. Bayan shekara uku masu ba da izinin aikin lauya za su iya buɗe takardar, sai ka tsaya a kanta, ka sake sa hannu. Shi ke nan. Mutane na yi, kuma suna barci lafiya." Ta karɓi jakarta daga hannunsa. "Waɗansu dai. Ko kuma ka ce yarinta ce, ka yi shiru. Ba dole ka kawo kaji kotu ba."

Ya gwada hakan a mota lokacin cin abinci. Ya rubuta yarinta. Amma dole ya faɗi inda ya shiga shekara goma sha shida kafin ya koma aji, kuma da zarar uban ya shigo a layi na gaba, sai guguwa ta taso ta sake rufe komai, duk mai karatu zai ɗinka da kansa kamar yadda Benita ta ce. Sai da ya rubuta Oktoba, ya rubuta zakaru, takardar ta tsaya da ƙafarta. Kafin Juma'a takardu biyu ne a cikin kwamfutar, ta Benita da tasa.

Juma'ar San Diego ba ta ƙarewa sai Asabar ta kai ƙarfe shida na yamma a Guam. Tino ya cinye wannan rangwamen har ƙashi. Sai wajen ƙarfe huɗu ya shiga gidan mahaifiyarsa, Benita ta ce ita a mota za ta jira. Ya sami Tan Rufina a madafin da ke bayan gidan tana gogar kwakwa. Ya tsaya a gabanta kamar yadda yake tsayawa a gefen alƙali, ya karanta.

"A farkon Oktoba na 1997 na daina zuwa aji ba tare da sanin iyayena ba. Ina kiwon zakarun faɗa. Ban janye daga darussan ba saboda ina jin kunyar a sani. Guguwar da ta zo a Disamba da raunin da mahaifina ya ji ba su ne suka jawo sifirin nan ba, na riga na same su."

Gogar kwakwar ta tsaya. Ya karanta sauran, jinyar da karatun yamma da kakin, muryarsa na ƙara ƙanƙancewa.

"Sake karanta wurin watan."

"Oktoba, Nana."

"Ƙwai biyu nake soya maka kullum da safe. Ubanka ya bar maka motarsa yana bin ta wani." Ta goge hannu a jikin zane, ba ta dube shi ba. "Ka san abin da ya ce min kafin ya tafi? Ya ce, Rufina, na karya bayana na karya yaron. Da shi ya mutu a baki."

Tino ya sani. Shi ma uban ya faɗa masa, har sau biyu, a wurin wanka, kuma duk biyun ya ci gaba da cuɗa masa baya, bai ce komai ba.

"Benita ta ce min akwai wata takardar," in ji ta.

"Akwai."

"Ita za ka aika."

Ya ɗaga kai. Ya shirya wa zagi, ya shirya wa kuka, bai shirya wa wannan ba.

"Ka riga ka bar shi ya tafi da kayan da ba nasa ba. Ba ka iya bin sa ka karɓo. To, ko ba komai kayan su saya maka wani abu. In ka aika wannan, a banza ya ɗauka. Gaskiyarka ta makara da shekara ashirin da bakwai, ɗana. Yau da za ta cuce ka ne ka tuna da ita?"

"Nana, in na aika waccan, na sake ɗora masa."

"Ya mutu. Ba ya jin nauyi. Ni ce nake ji."

Ya kama hannunta zai kai hancinsa kamar yadda ake yi wa manya, ta zare ta ci gaba da gogar kwakwa.

A mota Benita ta buɗe kwamfutar a cinya, takardun biyu gefe da gefe. Biyar da kwata. Ta juyo masa da ita. Ya zauna da yatsunsa biyu a sama har biyar da rabi ta wuce, fankar motar na kaɗawa, zufa na bin bayansa. Sannan ya zaɓi tasa, ya sa sunansa a ƙasa, ya aika. Benita ta rufe kwamfutar ta ce ya tsaya a hanya ta sayi albasa.

Amsa ta zo a Afrilu: ba a ɗauke shi ba, ba a kore shi ba, an sa shi a layin jira. Ba a gaya masa ko shi ne na nawa ba. Benita ta yage jadawalin daga ƙofar firji, ta ce ta gaji da gaishe shi kullum da safe. Tan Rufina kuwa ta daina ba da labarin, kuma shirunta a taro ya fi ba maƙwabta tsoro fiye da zaginta, har aka fara tambayar ko ba ta da lafiya. Duk Lahadi Tino na zuwa ya yanke mata ciyawa. Tana ajiye masa abinci a rufe, ita ta shige ɗaki. Mayu ta wuce, Yuni ta wuce. Ya ci gaba da cewa a miƙe, a zauna, wayar na aljihun ƙirji, kowace ƙara sai zuciyarsa ta riga hannunsa isa.

A ƙarshen Yuli, wata Talata da ƙarfe takwas na safe, yana buɗe ƙofar ɗakin shari'a, wata mata ta kira daga San Diego. Kujera ta samu. Zai iya zuwa cikin kwana goma sha biyu? Tana bukatar amsa kafin gobe.

Da Lauya Delfina ya fara gamuwa a baranda. Ta saurara, ta gyaɗa kai.

"Kada kanka ya kumbura, Janar. Ina jin wani yaro mai 161 ne ya sami inda ya fi, na tsakiyarsu ya fara girgiɗi, suka duba layi suna neman mai toshe ramin. Ko kuma matar nan ba ta da kyanwa. Ba za ka taɓa sani ba. Da ka aika ta guguwar, wataƙila tun Maris an ɗauke ka, wataƙila kuma sun karanta irinta talatin sun gaji. Wannan ma ba za ka sani ba. Je ka nemi rigar sanyi."

Da aka tashi aiki ya wuce Barrigada. Ya sami Tan Rufina a baranda tana tsinke wake, wannan karon ba ta sami damar shigewa ɗaki ba.

"Nana, sun ɗauke ni."

Ta tsinke guda, ta tsinke wani. "Da zakarun?"

"Da su."

"Ashe can ma ba su da hankali." Ta tofar da pugua a gwangwani. "Yaushe?"

"Kwana goma sha biyu."

Ta daɗe tana kallon titi. Wata maƙwabciya ta wuce ta ɗaga hannu, Tan Rufina ta ɗaga mata nata a taƙaice.

"Ban san abin da zan riƙa gaya wa mutane a kanka ba yanzu."

"Ki ce na tafi karatu."

"Wannan kowace mace ɗanta ya tafi karatu." Ta tura masa kwanon waken da ƙafa. "Zauna ka tsinke. Ka kuma kira Corina ta share ɗakin nan tun yau, na san halinta, kaya ta cusa a ciki har rufi."